Tarihin Moliyar, Mai Gyara Hali da Dariya

Cikin wasannin kwaikwayo na ban dariya da 'yan makaranta da ƙungiyoyin samari ke yi a ƙasashe da dama, kaɗan ne suka kai na Moliyar daɗewa da farin jini. Shi mutumin Faransa ne, ya rasu tun shekarar 1673, amma har yanzu ana buɗe littattafansa, ana raba wa yara magana su haddace. Tun da yake mu ma in mun fita koyarwa za mu shirya wa yaranmu wasa, ya kamata mu san labarin wannan mutum, da abin da ya gamu da shi saboda sana'arsa.

An haife shi a birnin Faris cikin watan Janairu na 1622. Sunansa na yanka Jan Batis, sunan gidansu Pokelan. Ubansa attajiri ne mai sana'ar shimfiɗu da labule da kujeru, har ya sayi muƙamin mai kula da shimfiɗar Sarkin Faransa, domin a zamanin nan akan sayi muƙami a fada, ɗa kuma ya gāji ubansa. Uwarsa ta rasu yana da shekara 10. Uban ya sa shi babbar makarantar Kilarmon, inda 'ya'yan manya ke karatu, ya koyi Latin, ya karanta wasannin mutanen Rum na dā. Kowa ya ɗauka hanya ta miƙe masa, zai gāji kanti da muƙami, ya zauna cikin rufin asiri.

Ashe zuciyarsa na wani wuri. A 1643, yana da shekara 21, sai ya bar gādon nan, ya haɗa kai da wata mai wasa, Madalin Bejar, da 'yan'uwanta, suka kafa ƙungiyar wasan kwaikwayo. To, a lokacin nan babu sana'ar da aka ƙasƙanta kamar wannan. Malaman addinin ƙasar ba su yarda a yi wa mai wasa jana'iza ba, sai in ya tuba ya bar sana'ar kafin ransa ya fita. Cikin shekara ta biyu ya ɗauki sunan Moliyar, wanda duniya ta san shi da shi. Suka yi hayar ɗaki, suka yi ta wasa, 'yan kallo ba su zo ba, bashi ya hau kansu. A 1645 aka kulle shi a kurkuku 'yan kwanaki, har da bashin mai kyandir ɗin da suke haska wasa da shi.

Da wani ne, da sai ya koma gida ya ba ubansa haƙuri. Shi kuwa sai ya ɗaura kaya, ya bi masu wasa zuwa lardi. Shekara 13 suna yawo gari gari, su je Nant, su je Tuluz, su je Liyon, su yi wasa inda duk aka ba su wuri, a gaban hakimai da 'yan kasuwa da talakawa. Nan ne ya yi karatun da ya fi na makaranta. Ya lura da abin da ke sa mutane dariya da abin da ke sa su hamma, ya ga yadda marowaci ke ƙirga kuɗi, da yadda mai girman kai ke tafiya, da yadda bara ke zambatar ubangidansa. A hankali ya zama shugaban ƙungiyar, ya fara rubuta musu wasa da kansa. Wani ɗan sarauta, Yarima Konti, ya riƙe su 'yan shekaru, daga baya ya shiga tsananin ibada, ya janye hannunsa, ya koma babban mai sukar wasa. Tun daga nan Moliyar ya san cewa inuwar manya takan gusa.

A ran 24 ga watan Oktoba na 1658 suka sami shiga gaban Sarki Luwi na 14, wanda a sa'an nan saurayi ne ɗan shekara 20. Suka fara da wani dogon wasa na ban tausayi. Da suka gama, Moliyar ya roƙi izini su ƙara da wani gajere na ban dariya irin wanda suka saba yi a lardi. Wannan gajeren ne ya ƙayatar da Sarki, ya ba su ɗakin wasa a Faris. Daga nan har mutuwarsa, shekara 14 da 'yan watanni, shi ke rubutu, shi ke koya wa 'yan wasa, shi ke kula da kuɗi, shi kuma ke fitowa a matsayin wanda ake yi wa dariya. Wasanninsa duka sun kai wajen 30. A 1662 ya auri Armand Bejar, Sarki da kansa ya tsaya uban suna ga ɗansu na fari, amma yaron bai yi shekara ba ya rasu.

Dabararsa ita ce ya ɗauki hali guda mara kyau, ya ɗora wa mutum guda, ya nuna yadda halin nan ke wahalar da gida duka. A wasan Marowaci, na 1668, tsoho Arpagon ya binne akwatin zinariya a lambu, ya hana iyalinsa ci da sha, ya kuma tashi zai auri yarinyar da ɗansa ke so. Da baran ɗan ya sace akwatin, sai tsoho ya haukace, yana tuhumar kowa, har da 'yan kallo. A ƙarshe ya yarda ya bar yarinyar don a mayar masa da kuɗinsa. A wani wasa na 1670 kuma, ɗan kasuwa ne ya sami dukiya, ya ƙwallafa rai sai ya zama basarake, ya tara masu koya masa rawa da takobi da magana, kowa na cin kuɗinsa yana yi masa dariya a bayan ido.

Amma wasan da ya jawo masa babbar fitina shi ne Tartif, wanda ya fara nunawa a fada cikin watan Mayu na 1664. Labarin wani mayaudari ne da ya fake da ibada. Wani mai gida, Orgon, ya gan shi yana ta addu'a, ya kawo shi gidansa, ya yi masa alkawarin 'yarsa, ya rubuta masa dukiyarsa, ya kori ɗansa na cikinsa saboda shi. Duk gidan sun gane mutumin, sai mai gida da tsohuwarsa. Bai farga ba sai da matarsa ta ɓoye shi ƙarƙashin tebur, ya ji da kunnensa baƙon nan yana neman ta. Da ya ce zai kore shi, sai baƙo ya nuna masa takarda, cewa gida ya riga ya zama nasa. Sai da hukuncin Sarki ya zo sa'an nan aka kama shi.

Masu ƙarfi a fada da manyan malamai suka tashi, suka ce addini yake zagi, har wani limami ya rubuta cewa ya cancanci a ƙone shi. Moliyar ya amsa da cewa munafunci yake tona wa asiri, mai ibada na gaskiya ba ruwansa, kuma aikin wasan ban dariya shi ne gyara halin mutane ta hanyar faranta musu rai. Sarki na son wasan, amma ya hana a nuna shi ga jama'a. Moliyar ya gyara shi, ya sake masa suna, ya nuna sau ɗaya a 1667, aka sake hanawa, babban limamin Faris kuma ya yi kashedin zai fitar da duk wanda ya kalla ko ya karanta daga cikin jama'ar addini. Bai fid da rai ba, ya yi ta kai kuka. Sai cikin watan Fabrairu na 1669, bayan kusan shekara biyar, aka sake shi. Jama'a suka yi ta tururuwa.

Wannan duka yana yi ne da ciwon ƙirji da tari. Wasansa na ƙarshe kuwa a kan mutum ne lafiyayye wanda ya ɗauka ba shi da lafiya, kullum yana shan magani, har yana so ya aurar da 'yarsa ga likita don ya sami mai duba shi a gida. Moliyar ne ya fito a mai ciwon. A ran 17 ga watan Fabrairu na 1673, a nuni na huɗu, tari ya sarƙe shi ana cikin wasa. Ya daure har aka gama, aka kai shi gida, ya yi ta aman jini, a daren nan ya cika, yana da shekara 51. Da yake bai bar sana'arsa ba kafin ya rasu, aka ƙi yi masa jana'iza. Matarsa ta kai kuka wurin Sarki, sa'an nan aka yarda a binne shi, amma da dare, ba tare da wani biki ba.

Shekara bakwai bayan haka, a 1680, Sarki ya haɗa ƙungiyarsa da wata, ya kafa gidan wasa na ƙasa, wanda har yau yana nan, ana ce masa gidan Moliyar, kujerar da ya zauna a wasansa na ƙarshe kuma tana ajiye a ciki. Faransawa sukan kira harshensu harshen Moliyar, 'yan'uwanmu na Nijar kuma suna karanta shi a makarantunsu.

'Yan'uwa, wannan sana'a ba baƙuwa ba ce gare mu. Wanda ya ga ɗan kama yana kwaikwayon malami, ko ya ga yara suna tashe da azumi, ya san yadda ake faɗa wa babba gaskiya cikin raha ba tare da an ambaci sunansa ba. In mun tashi shirya wasa a makarantunmu, mu tuna da abu biyu daga rayuwar mutumin nan. Na fari, sai malami ya lura da mutanen garin da yake zaune kafin ya iya kwaikwayonsu. Na biyu, hali ake yi wa dariya, ba a yi wa wani mutum sananne ba, domin yaro da uban yaro su fita daga ɗakin wasa suna murna, kowa kuma yana tambayar ransa ko da shi ake. Allah Ya sa mu amfana.