Jan Mermoz, sojan da ya zama mai kai wasiƙu

An haifi Jan Mermoz a ƙasar Faransa ranar 9 ga watan Disamba 1901. Ya shiga soja a shekarar 1920, ya koyi tuƙin jirgin sama. Aka tura shi Siriya. Wata rana jirginsa ya lalace cikin hamada. Shi da makanikensa suka yi kwanaki suna tafiya a ƙasa, ga rana ga ƙishirwa, kafin a cece su.

A 1924 ya bar soja, amma bai samu aiki ba. A birnin Pari ya yi shara, ya yi gadi, ya sha yunwa. Daga baya ya tafi Tuluz, wurin kamfanin Latécoère mai kai wasiƙu da jirgin sama.

Ranar gwaji, Mermoz ya yi ta juya jirgi a sama irin na sojoji. Shugaban aikin, Didiye Dora, bai ji daɗin haka ba. Shi mutumin da zai kai wasiƙa lafiya kuma kan lokaci yake nema. Sai ya sa Mermoz wankin injuna tare da makanikai. Mermoz ya yi haƙuri, ya koyi sabon hali.

A 1926 aka ba shi hanyar Kazablanka zuwa Dakar. Injinsa ya mutu cikin Sahara, mutanen wurin suka kama shi, sai da aka biya fansa suka sake shi.

Ranar 12 ga watan Mayu 1930 ya tashi daga Sen Luwi ta Senegal da abokan aiki biyu da kilo 130 na wasiƙu. Suka ƙetare tekun Atlantika, suka sauka Natal ta Burazil bayan awa 21. Nisan ya wuce kilomita 3000. Ya fi tafiyar Dogon Dutsi zuwa Yamai sau goma.

Ranar 7 ga watan Disamba 1936 ya tashi daga Dakar da wasiƙu. Jirgin ya ɓace cikin teku, ba a sake ganinsa ba. An sa wa wata unguwa a Dakar sunansa.

Tambayoyi
1. Wane aiki Mermoz ya yi da ya bar soja?
2. Don me Dora ya sa shi wankin injuna?
3. Nuna Dakar da Natal a taswira.