Fada Tansi: Baƙon da Bai Koma Gida da Rai Ba

Jama'a, a wannan fitowa filinmu na mazan jiya ya leƙa gidan maƙwabtanmu 'yan Katolika. Mu da muka baro garuruwanmu muka yi zango a Mashegu mun san zaman baƙunta, don haka labarin Fada Cyprian Michael Iwene Tansi zai shige mu.

An haife shi a 1903 a Aguleri, ƙasar Ibo. Ya fara da koyarwa, har ya zama hedimasta, sannan aka naɗa shi fada a Onitsha a 1937. Shekara 13 yana zaga ƙauyuka, wani lokaci a ƙafa, wani lokaci a keke. Cikin yaran da ya yi wa baftisma har da Francis Arinze, wanda ya zama kadinal.

To, ana ganin girmansa haka, sai a 1950 ya ajiye komai ya tafi Ingila, ya shiga gidan zuhudu na Mount Saint Bernard, na ɗariƙar Trappist. Zamansu kusan halwa ce ta har abada: ba surutu sai da larura, ba cin nama, a tashi tun cikin dare a yi addu'a, da rana a yi aikin hannu. Mutumin da jama'a ke rusuna wa, ga shi ya koma ɗan koyo, yana hidima a ɗakin cin abinci, ga kuma sanyin ƙasar Turawa.

Burinsa a kafa irin wannan gida a Nijeriya. Amma a 1963 aka karkata shirin zuwa Bamenda ta Kamaru. Ya haɗiye, ya yarda zai je can ya horar da sababbin shiga. Kafin ya tashi ajali ya riske shi a asibitin Leicester, ran 20 ga Janairu 1964.

A 1986 aka dawo da gawarsa Onitsha. Ran 22 ga Maris 1998 Paparoma John Paul na Biyu ya zo Oba ya ba shi matsayin Mai Albarka, ɗan Nijeriya na farko da ya samu haka.

Addini kowa da nasa, amma haƙuri na kowa ne. In zaman nan ya yi mana nauyi, ko abin da muka fito nema ya ƙi samuwa, mu tuna da mutumin nan. Allah ya ba mu haƙurin zama da juna, amin.