FODEBA KEITA NA ƘASAR GINI: MALAMIN MAKARANTAR DA YA KOYAR DA RAWA

A ƙasarmu idan aka ce ga wani malamin makaranta can ya ajiye alli ya kama koya wa mutane rawa, da yawa za su ce ya lalace, iyayensa sun yi hasarar karatu. Saboda haka muka ga ya kamata yau mu kawo wa masu karatu, tun ba 'yan'uwanmu malamai da akawuna ba, tarihin wani mutumin ƙasar Gini wanda ya yi haka, har sunan ƙasarsu ya kai inda bai taɓa zuwa ba. Daga baya ya bar rawar ya shiga mulki, a can kuwa ya gamu da ajalinsa. Sunansa Fodeba Keita.

An haife shi a shekarar 1921 a garin Sigiri, arewa maso gabashin Gini, a bakin kogin da mutanen can ke kira Joliba. Shi ne kogin Kwaran nan namu da ya biyo ta Yawuri ya zo ya gamu da Binuwai a Lakwaja. Mutanen ƙasar Malinke ne, watau dangin Wangarawan nan da tarihin Kano ya ce sun zo daga Mali zamanin Sarki Yaji. Keita kuwa sunan gidan sarauta ne, gidan Sunjata wanda ya kafa daular Mali a ƙarni na 13. Ya kamata mai karatu ya riƙe wannan magana ta asali, don a wurin Malinke kiɗan yabo da waƙarsa gado ne na waɗansu gidaje da a ke kira jeli, kamar su Kuyate da Jabate, kwatankwacin maroƙa da makaɗan fada a wurinmu. Ɗan gidan Keita shi a ke yi wa kirari, ba shi ke yi wa wani ba.

Amma ita rawa ta kowa ce. A ƙasar Malinke kowane sha'ani da kiɗansa da takunsa. Akwai dundumba, rawar ƙarfafan samari. Akwai soli, wadda a ke yi lokacin kaciya. Akwai kasa, kiɗan da a ke yi wa manoma suna aiki, kamar yadda a ke kaɗa gangar noma a wajen gayya. Kayan kiɗansu su ne jembe, wata ganga mai siffar turmi da a ke bugawa da tafin hannu, da dundun, da bala, wadda a ke jera itatuwa bisa ƙananan ƙorai a riƙa kaɗawa, da kora mai tsirkiya 21. Ba a koyon waɗannan a makaranta. Yaro a bayan uwarsa ya ke fara jin kiɗa, ya tashi yana kallon na gaba da shi a dandali, har ran da ƙafarsa za ta iya.

Da Fodeba ya gama makarantun ƙasarsu sai ya sami shiga makarantar William Ponty a Senegal, wadda ita ce babbar makarantar horon malamai da akawuna ta dukan ƙasashen Afirka ta Yamma da Faransa ta mallaka a zamanin. A nan ne Modibo Keita na Mali ya yi karatu, haka kuma Diori Hamani da Bubu Hama na Nijar. Makarantar tana da wata al'ada wadda ta cancanci malamai su lura da ita. In ɗalibai za su tafi hutu, a kan umurce su su tambayi dattawan garinsu labaru da al'adu da waƙoƙi, su rubuto. In sun komo sai 'yan kowace ƙasa su haɗu su shirya wasan kwaikwayo da abin da suka samo, da kiɗa da rawa, a nuna ran bukin ƙarshen shekara. Wani malami Bafaranshe, Charles Béart, shi ya ƙarfafa wannan aiki, har a 1937 aka kai ɗaliban birnin Faris suka yi wasa. A wannan makaranta Fodeba ya fara ganin abin dandali na iya shiga zauren ilmi ba tare da kunya ba.

Ya fito ya yi malanta a Senegal zamanin yaƙin duniya na biyu da bayansa. A 1948 ya tafi Faris don ya karanta shari'a. Can ya haɗa kai da wani ɗan ƙasarsu gwanin kiɗan jita, Kante Faseli, da wani mawaƙi mutumin Kamaru, Albert Mouangue. Suka kafa 'yar ƙungiyar wasa a 1949, wadda ta girma har a 1952 aka raɗa mata suna Les Ballets Africains, watau ƙungiyar raye-rayen Afirka.

To, a nan ne aikin malanta ya yi masa rana. Mutanen da ya fara da su galibi ɗalibai ne da ma'aikata 'yan ƙasashe dabam-dabam, waɗanda ba rawa ce sana'arsu ba, wani ma bai taɓa ganin takun ƙasar ɗan'uwansa ba. Sai an koya wa kowa daga tushe, a maimaita yau, a maimaita gobe, kamar yadda a ke bita da 'yan aji ɗaya. Ban da wannan kuma akwai matsaloli uku da kowane mai ɗauko rawar gari ya kai ta gidan wasa zai tarar. Na farko lokaci: rawar da a ke kwana ana yi a ƙauye, tilas a taƙaita ta cikin 'yan mintoci, a zaɓi abin da za a bari da abin da za a zubar. Na biyu wuri: a dandali jama'a da'ira su ke yi, mai rawa ya shiga tsakiya, wanda ya ke kallo yanzu an jima shi ne mai rawa, amma a gidan wasa 'yan kallo gefe guda su ke zaune, sai an buɗe da'irar an jera masu rawa suna fuskantarsu. Na uku makaɗi: a gari mai jembe shi ke duban ƙafar mai rawa yana bin ta, amma in mutum goma za su taka tare, sai an tsayad da ƙa'ida, makaɗi ya ba da alama kowa ya juya lokaci guda. Fodeba da kansa ya yi rubutu a kan wannan sha'ani na rawar Afirka da gidan wasa a mujallar Présence Africaine a 1957.

Bai tsaya ga rawa kaɗai ba. Ya kan tsara labari a riƙa karantawa, jita da kora na amsawa a tsakani. Mafi shahara a cikinsu shi ne Aube africaine, watau Alfijirin Afirka, labarin wani manomi mai suna Naman da aka ɗauka soja, ya yi wa Faransa yaƙi, Jamus suka kama shi, ya tsira, sa'an nan aka harbe shi a hanyarsa ta komawa gida. Labarin ƙagagge ne, amma tushensa gaskiya ne. Ran 1 ga Disamba 1944 sojan Faransa suka buɗe wa sojan Afirka wuta a barikin Tiyaroyi kusa da Dakar, don sun nemi a biya su haƙƙinsu. Hukuma ta ce mutum 35 suka mutu, amma masana tarihi suna ganin sun fi haka nesa. Da aka ɗauki irin waɗannan labaru nasa a faifan garmaho, hukumar mulkin mallaka ta hana sayad da su a ƙasashenta na Afirka ta Yamma. Ashe masu mulki sun riga mutane da yawa gane cewa kiɗa ba wasa ba ne.

Ƙungiyar ta zaga ƙasashen Turai, sa'an nan a 1955 ta zo rangadin Afirka ta Yamma. Ya yi ta neman gwanaye na asali yana haɗawa da mutanensa. A cikin waɗanda suka yi aiki da shi akwai Laji Kamara mai jembe, wanda daga baya ya zauna Amurka yana koyad da kiɗan, da Sori Kandiya Kuyate, mawaƙi mai zaƙin murya. Abin lura, gidan Kuyate su ne maroƙan gidan Keita tun zamanin Sunjata, ga shi yanzu ɗan Keita da ɗan Kuyate sun zama abokan sana'a ɗaya. A watan Fabrairu 1959 ƙungiyar ta yi wasa a birnin Niyu Yok, inda hukumar birnin ta ce lalle sai matan sun rufe ƙirjinsu kafin su fito, abin ya zama zance a jaridu. A 1960 gwamnatin Gini ta mai da ita ƙungiyar ƙasa.

Amma kafin nan shi mai ita ya riga ya kama wata hanya. Ya koma gida ya shiga jam'iyyar Seku Ture, a 1957 aka zaɓe shi wakilin Sigiri a majalisa, aka ba shi Ministan Harkokin Cikin Gida. Ran 28 ga Satumba 1958 mutanen Gini suka jefa ƙuri'ar ƙin tsarin da Janar de Gol ya kawo, su kaɗai a cikin ƙasashen Faransa na Afirka, suka sami mulkin kai ran 2 ga Oktoba. Fodeba na cikin waɗanda suka tsara taken ƙasar, aka ɗora shi bisa karin wata tsohuwar waƙar yabo ta Alfa Yaya, sarkin Labe. Daga nan aka danƙa masa soja da 'yan sanda, ya zama Ministan Tsaro.

Wannan shi ne ɓangaren tarihinsa da ba shi da daɗin faɗi, amma ɓoye shi rashin adalci ne ga waɗanda abin ya shafa. A ƙarƙashin ma'aikatarsa aka mai da wani sashe na barikin Kamayen a Konakiri wurin tsare 'yan siyasa, wanda daga baya aka sani da sunan Barikin Boiro. A watan Nuwamba 1961 shugabannin ƙungiyar malaman makaranta suka kai kuka a kan albashi da sharuɗɗan aiki. Gwamnati ta ce makirci ne, aka kama su aka ɗaure, har da Jibril Tamsir Niyan, wanda ya rubuta littafin tarihin Sunjata. 'Yan makaranta suka tashi don malamansu, aka murƙushe su, aka rufe makarantu. Wanda ke riƙe da ma'aikatar tsaro a ran nan tsohon malami ne, ya san nauyin alli, ya kuma san ƙanƙantar albashin. A shekarar nan kuma abokinsa Kante Faseli ya rasu a haɗarin jirgin sama.

Hausawa sun ce in za ka gina ramin mugunta, gina shi gajere. A 1965 aka ɗauke shi daga tsaro aka mai da shi ma'aikatar raya karkara. A watan Maris 1969 aka kama shi tare da Kanar Kaman Jabi da waɗansu, aka ce sun ƙulla juyin mulki. Aka kai shi barikin nan da ya san ƙofofinsa ɗai-ɗai. An kashe shi ran 27 ga Mayu 1969, yana da shekara 48. Barikin bai rufu ba sai a 1984, bayan rasuwar Seku Ture.

Idan muka auna rayuwar wannan mutum, za mu ga aikin da ya yi yana malamin rawa ya fi aikin da ya yi yana minista tsawon kwana. Ƙungiyarsa ta rayu bayansa, ƙasashe kamar Senegal da Mali suka kafa nasu ƙungiyoyin, jembe kuwa da ba a san ta ba sai a ƙasashen Mande ta zama abin da a ke koyo a makarantun Turai da Amurka. Duk wannan ya faro ne daga littafin rubutun da aka ba ɗalibi ya tafi da shi hutu.

Muna roƙon malamai su duba wannan da idon basira. Yaran da ke gabanmu suna da kakanni da suka san kiɗan noma da na farauta da na maƙera, da wasannin kalankuwa da na tashe, kuma kullum dattawan nan raguwa su ke yi. Ba sai an sayi kome ba kafin a ce wa yaro ya tambayo ya rubuto. Ga waɗanda Allah ya ɗaga daga aji zuwa ofis kuwa, su tuna da malaman Konakiri na 1961, da wanda ya tsare su, da inda shi ya ƙare.

Allah ya jiƙan waɗanda suka riga mu, ya sa mu gama da duniya lafiya.