Martín Chambi, Ɗan Ƙauyen Da Ya Adana Duwatsun Kusko A Jikin Gilashi

An haifi Martín Chambi a shekarar 1891 a Coaza, wani ƙauye cikin tsaunukan kudancin ƙasar Feru, a gidan talakawa 'yan asalin ƙasa masu harshen Kecuwa. Yana yaro ya bi mahaifinsa wata mahaƙar zinariya ta Turawa, a can ya fara ganin kyamara, ya kuwa ƙwallafa rai a kanta. A 1908 ya tafi Arequipa, ya shekara tara yana koyon sana'a a hannun Max T. Vargas. Ya buɗe shagonsa a Sicuani a 1917, bayan 'yan shekaru ya tare a Kusko.

Kusko ita ce fadar daular Inka kafin Turawan Sifaniya su cinye ta a 1533. Da suka zo, ba su iya kawar da ganuwar da suka tarar ba, sai suka ɗora majami'u da gidajensu a kanta. Majami'ar Santo Domingo, alal misali, tana zaune ne bisa harsashin Qorikancha, ɗakin bautar rana. Duwatsun ƙasan an sassaƙe su an haɗa ba laka ba siminti, ko tsinin wuƙa ba ya shiga tsakaninsu. Chambi ya ci abinci da hotunan aure da na attajirai, amma a ganina gwanintarsa ta fi fitowa a waɗannan lungunan, inda yakan jira haske ya kwanto a kaikaice har kowace gaɓar dutse ta bayyana. Haka ya ɗauki dutsen nan mai kusurwa goma sha biyu, da kangon Machu Picchu.

A watan Mayun 1950 girgizar ƙasa ta afka wa birnin. Gine-ginen Turawa suka tsattsage, wani sashe na Santo Domingo ya rushe, ganuwar Inka kuwa tana nan daram. Tsofaffin hotunansa suka zama shaidar yadda garin yake a da. Tun daga lokacin aikinsa ya ja baya.

Ya rasu a Kusko a 1973, ya bar fayafayan hoto kimanin 30,000, da yawansu na gilashi, waɗanda faɗuwa ɗaya ta isa ta hallaka. A 1977 ɗansa Víctor da wani mai hoto Ba'amurke, Edward Ranney, suka duƙufa tantance su. A 1979 aka baje su a gidan adana fasahar zamani na birnin New York, shekara shida bayan rasuwarsa.