Mustafa Alasan, Mai Sa Zane Tafiya

In mutum ya tashi daga Sabon Birni ya nausa arewa, ya tsallaka iyaka ya wuce Madawa, sa'an nan ya karkata yamma, zai isa Tawa, babban birnin ƙasar Adar a Jamhuriyar Nijar. A wannan gari wani mutum ya zauna shekaru masu yawa, sana'arsa kuwa abar mamaki ce. Yakan zana kwaɗo a takarda, sa'an nan ya sa kwaɗon nan ya tashi ya yi tafiya, ya gaisa da jama'a, har ya shiga jirgin sama. Sunan mutumin nan Mustafa Alasan.

An haife shi a shekarar 1942, a wani ƙauye da ake kira Ndugu a ƙasar Nijar. Tun yana yaro hannunsa ya faɗa a zane. Yakan yanka siffar mutane da ta dabbobi, in dare ya yi ya kunna fitila a bayansu, inuwarsu ta fito a gaban 'yan kallo. Ya riƙa motsa su yana ba da labari, mutanen gari suna dariya. Da ya tasa ya koyi aikin makaniki, abin da ya amfane shi ƙwarai daga baya, gama wanda ya saba da kwance inji ba ya tsoron na'ura.

Daga nan ya tafi Yamai, inda ya sami aikin zane a wata cibiyar bincike. A can ya haɗu da wani Bafaranshe mai suna Jean Rouch, gwanin ɗaukar hoton majigi. Baturen ya ga yaron nan yana da basira, ya nuna masa yadda ake riƙe na'urar ɗaukar hoto, ya kuma taimaka aka tura shi Kanada. A birnin Montreal ya sadu da Norman McLaren, wanda ya yi suna a duniya wajen sa zane motsi.

To, yaya zane yake motsi, alhali kuwa ba shi da rai? Ga asirin abin. Zanen ba ya motsi ko kaɗan, idonmu ne ake yi wa dabara. A zana mutum a tsaye. A sake zana shi ya ɗan ɗaga ƙafa. A sake wani ya ƙara ɗagawa, haka har ƙafar ta sauka. In aka nuna zane-zanen nan bi da bi da sauri ƙwarai, ido ba ya iya raba wannan da wancan, sai ya ga mutum guda yana tafiya. Kuna iya jarrabawa da kanku. Ku sami tsohon littafin rubutu, ba wanda kuke aiki da shi a aji ba, ku zana ɗan tsuntsu a kusurwar kowane shafi, kowanne ya ɗara na baya nisa kaɗan. Ku saki shafukan da babban yatsa, za ku ga tsuntsun ya tashi.

Faɗa da baki sauƙi gare shi. Injin majigi yana nuna hoto 24 a cikin daƙiƙa guda, watau a minti ɗaya hoto 1,440. Wasan da bai wuce minti biyar ba ke nan yana cin hoto 7,200. Ko da mai zane ya ɗauki kowane zane sau biyu, kamar yadda akan yi don rage wahala, sai ya zana dubu uku da ɗoriya. A Amurka da Turai mutane da yawa suke taruwa a kan aiki irin wannan, kowa da sashensa. Mustafa kuwa yawanci da hannunsa ya yi nasa, ga ƙarancin kuɗi, ga ƙarancin kayan aiki.

A 1962 ya fitar da wasan majigi mai suna Aure, da mutane na sosai a ciki. A 1965 ya gama wani na zane, labarin mutuwar Ganji, wanda ya ci kyauta a Dakar a 1966, wajen babban bikin nuna fasahar baƙar fata. Amma wanda ya fi fito da sunansa shi ne na shugaban kwaɗi mai suna Sim, shi ma na 1966. Sim ya tafi ziyara wata ƙasa maƙwabciya. Aka tarye shi da faretin soja da kaɗe-kaɗe da dogayen jawabai, kwaɗi suna ta kumbura wuya. Lokacin nan ƙasashen Afirka ba su daɗe da samun mulkin kai ba, shugabanni kuwa suna son irin wannan shagali. Duk mai hankali ya san da wa ake. Taɓa manya a zamanin nan ba wasa ba ne, amma wa zai fito fili ya ce shi ne kwaɗon? Dabarar tsofaffinmu ce ya ɗauko, su da sukan ɗora wa Gizo halin da suke so su tsawata wa mutane a kai.

Bai tsaya ga zane kaɗai ba. A 1977 ya yi labarin Samba da 'yan tsana waɗanda ya ƙera da kansa. A gyara hannun 'yar tsana kaɗan a ɗauki hoto, a sake gyarawa a sake ɗauka. Ya kuma yi wani mai suna Kokawa, inda dabbobi suke shiga fage suna kā da juna kamar 'yan kokawar Adar da Gobir. Ya yi shekara 15 yana shugabancin sashen majigi a Jami'ar Yamai. Yakan kuma ɗora inji a mota ya bi garuruwa, don waɗanda ba su da gidan silima su ma su gani.

Kakanninku sun san irin wannan mota. A Nijeriya ta Arewa, tun zamanin Turawa, motar majigi takan zo ƙofar fada da dare ta nuna yadda ake tsabtace rijiya da yadda ake kyautata noma. Yau kuwa darasi yana zuwa ta intanet, a cikin waya. Sau da yawa wanda yake koyarwa a ciki ba mutum ba ne, zane ne aka sa masa murya, kwamfuta tana motsa bakinsa da idanunsa. Abin da yake cin watanni a da, yanzu ana gama shi a yini guda, amma dabarar ba ta sake ba, hoto ne yake bin hoto. Shi kansa Mustafa da kwamfuta ta zo bai guje ta ba. Ya koye ta da furfurarsa, ya ci gaba da aiki da ita a Tawa.

A 2007 gwamnatin Faransa ta ba shi lambar girma a garin Kan, inda ake babban taron masu silima na duniya. Ya rasu a Wagadugu, babban birnin Burkina Faso, ran 17 ga watan Maris 1915 da ɗari, watau 2015, yana da shekara saba'in da 'yan kai.