Abubakar Imam da Akun da Ya Taso Daga Indiya

A 1857 mawaƙin Amurka Ralph Waldo Emerson ya wallafa waƙarsa "Brahma", wadda ya ɗebo daga falsafar Hindu. Bayan shekara tamanin, wani malamin makaranta ya shigo da hikimar Indiya cikin adabin Hausa ta wata ƙofar daban.

An haifi Abubakar Imam a Kagara a 1911. Ya yi karatu a Kwalejin Katsina, ya kuma koyar a Makarantar Midil ta garin. Gasar rubutu ta 1933 ce ta fito da shi, da littafinsa Ruwan Bagaja. Daga nan Rupert East ya gayyato shi Zariya, ya tara masa littattafan Larabawa da na Turawa da na Indiya, shi kuwa ya tsara Magana Jari Ce cikin littattafai uku.

A littafi na farko, aku ne ke riƙe yarima Musa da labarai don kada ya fita ya faɗa tarkon Waziri. Masana sun danganta wannan tsari da Shukasaptati, tsohon littafin Sanskirit wanda a cikinsa aku ke hana wata matar aure fita da dare, ta hanyar ba ta labari dare saba'in. Imam ya ɗauke akun daga ɗakin aure ya kai shi fada, labarin ya koma na mulki, da amana, da makircin na kusa da sarki.

Shi ma ya riƙe magana a matsayin makami. A 1939 ya zama editan Hausa na jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo. A 1943 ya tafi Ingila cikin tawagar 'yan jaridar Afirka ta Yamma tare da Nnamdi Azikiwe, ya gana da Lugga, ya bayyana masa koken talakawan Arewa a ƙarƙashin mulkin En'e. Ya rasu a Zariya a 1981.

Masu ganin duk abin da aka aro daga Indiya gurɓata al'ada ne, rayuwar Imam ta bar musu tambaya. Manomin Kura ko Bunkure ya san ruwan da ke shayar da gonarsa daga madatsar Tiga yake tasowa, amma shinkafar da ya girbe tasa ce, domin shi ya yi noman.