Muhammadu Bello, Sarkin Musulmin da ya ɗauki magani cikin aikin mulki

A garin Wurno, kusa da kogin Rima, kabarin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello yake. Galibin masu ziyara sun san shi da yaƙi da sarauta: ɗan Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, wanda aka haifa a 1781, ya gina Sakkwato a 1809, ya gaji mahaifinsa a 1817. Kaɗan ne ke tuna shi da ilimin magani.

Alhali kuwa ya yi rubutu a kai da Larabci. Ya keɓe risala ga basir, wata ga ciwon ido, wata ga ganyen filasko. Waɗannan cututtuka ne na kowa da kowa, kuma mai mulkin daula sukutum bai ga ƙasƙanci ba a zama ya yi bayaninsu.

Da Baturen Birtaniya Hugh Clapperton ya iso Sakkwato a 1824, cikin abin da Bello ya nema har da a turo masa likita. Clapperton ya dawo a 1826, amma likitocin da suka taso tare da shi ba su iso ba. Littattafai ne suka iso, ciki har da na Ibn Sina, malamin da ya bayyana cewa afiyun na kashe raɗaɗi, yana kuma kisa in an wuce kima.

Daga afiyun ɗin nan ake samun kodin, tiramadol kuma irin aikinsa yake yi a jiki. Mutum kan fara da takardar likita saboda karaya ko ciwon baya. Jiki ya saba, ranar da ya daina sai zufa, makyarkyata, ciwon gaɓoɓi, gudawa da rashin barci su kama shi, ya koma wa ƙwayar don gudun azaba. Gwamnatin Tarayya ta haramta maganin tari mai kodin a 2018. Sai dai haramci ba ya jinya, kuma wanda ya kamu, a Rabah yake ko a Goronyo, likita yake bukata, wanda zai rage masa a hankali.

Bello ya yi yawancin shekarunsa na ƙarshe a ribaɗin Wurno, yana tsaron iyaka. Ya yi nasara a yaƙin Gawakuke a 1836, ya rasu a watan Oktoba na 1837. Ƙaninsa Abubakar Atiku ya gaje shi.